Ta ina za a fara farfaɗo da bincike a tsangayar jami'a?

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka inda kake cewa an ɗora maka kwamitin bincike na tsangayarku a nan Kaduna, shugaban tsangaya yana so ya ga canji kafin ƙarshen zango, kai kuma ka duba ka ga ba kuɗi, malamai kowa na fama da aji, ba mai rubuta komai sai lokacin ƙarin girma ya matso, shi ne kake tambaya ta ina za ka fara. Allah ya taya ka riƙo. Na daɗe a koyarwa kuma na yi zaman irin wannan kwamitin, don haka abin da na gani da idona zan gaya maka.

Don Allah kar ka fara da fitar da takardar umarni cewa dole kowane malami ya buga maƙala biyu ko uku a shekara. Nan kowa ke fara zuwa saboda shi ya fi sauƙi, a buga a manna a allon sanarwa shi kenan an yi aiki. Za ka samu maƙalun kuwa, har su fi yadda ka nema, amma ka je ka buɗe su. A wata jami'a da na yi aiki an taɓa kawo mana fayil ɗin wani malami na neman ƙarin girma, maƙaloli sun cika jaka, muka ɗauko wata mujalla daga ciki, a fitowa ɗaya akwai maƙala kan kiwon tarwaɗa, ta gaba kan harajin ƙananan hukumomi, ta gaba kan waƙoƙin aure, wasiƙar karɓa kuma kwananta bai kai mako ba daga ranar da ya tura, rasit ɗin kuɗin da ya biya ma yana maƙale a ciki. Mutumin nan ba malalaci ba ne wallahi, yana da ƙwaƙwalwa, tsarin ne ya nuna masa ƙirga ake yi ba karantawa ba, shi kuma ya bi. Daga nan ne ake samun "sa sunana in sa naka", mutum biyar a kan aikin da ɗalibi ɗaya ya yi, da yanka bincike guda gida uku. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana tara sunayen irin waɗannan mujallu na ci da gumin malamai kafin ya rufe jerin a 2017, amma su ba su rufe ba, kullum sabbi suke fitowa. Ka koya wa matasanku su duba mujalla a DOAJ ko Scopus ko AJOL, wato shafukan intanet da ke jera mujallun da aka tantance, kafin su tura kuɗi, kuma su karanta maƙala biyu daga cikinta da kansu, ido ba ya ƙarya.

Ni abin da na ga ya taɓa canja dipatmen da gaske shi ne samina. Ba irin wadda ake yi sau ɗaya a shekara da bana da babban baƙo da abinci a leda ba. Zama nake nufi na duk mako ko duk mako biyu, rana ɗaya lokaci ɗaya ba a ɗagawa, ko mutum shida ne suka zo a yi, kuma abin da ake kawowa aikin da ba a gama ba ne. Nan sirrin yake. Idan mutum ya kawo abin da ya riga ya buga sai dai a tafa masa a tashi, amma idan ya zo ya ce ga tambayata, ga bayanan da na tattaro, na maƙale a nan, to a nan ne wani daga can baya zai ce ai samfurinka ya yi kaɗan, wata ta ce akwai wanda ya yi irin wannan a Zariya shekarun baya je ka nemi kundinsa a laburaren Kashim Ibrahim, kafin a tashi mutum ya samu abin da wata shida shi kaɗai a ofis ba zai samu ba.

Wahalarta ɗaya, mu nan muna da nauyin baki a gaban manya, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma a ɗakin samina tana kashe magana. Ƙaramin malami ba zai ɗaga hannu ya ce Farfesa lissafin nan bai fita ba. Shi kuma in ya tashi gabatarwa wasu manyan sai su mai da abin kotu, a yi masa kaca-kaca a gaban ɗalibansa, daga ranar ba zai sake kawo komai ba. Abin da muka yi da ya yi aiki shi ne muka roƙi wani dattijon farfesa mai sauƙin kai ya fara. Ya zo da shafuka 'yan kaɗan da gyare-gyaren jan biro a jiki, ya ce wannan aikin ya fi shekara yana ba ni wahala, ku taimaka min. Ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci, sai wata ɗalibar mastas ta yi ƙarfin hali ta tambaye shi me ya sa bai raba bayanan damina da na rani ba, ya cire tabarau ya dube ta ya ce 'yata maimaita a hankali in rubuta. Daga ranar matasa suka fara rububin sa suna. Muka kuma sa doka cewa ɗalibai da ƙananan malamai su ke fara tambaya, manya a ƙarshe, kuma a tura shafukan a guruf kwana biyu kafin zama. Lokacin ma ka lura da shi, in ka sa ƙarfe huɗu na yamma ka kori malamai mata da yawa da masu ɗauko yara makaranta da masu komawa Rigasa ko Sabon Tasha cikin cunkoso. Tsakanin sha biyu da azahar ya fi.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sashen tarihi na ABU da sunansa ya zagaye Afirka zamanin su Farfesa Abdullahi Smith da Dakta Yusufu Bala Usman, da irin wannan zaman muhawarar aka san shi, ba intanet ba kwamfuta, takardu ne da tafireta da mutanen da ke karanta aikin juna da gaske.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce za ka yi faɗa a kanta da shugaban tsangaya. Yaron da ya dawo daga digirin digirgir da zafinsa, shi ake loda wa kwas ɗin 'yan aji ɗaya mai ɗalibai ɗaruruwa, shi ne jami'in jarrabawa, shi ne mai rajista, shi ne sakataren kwamiti uku, ga makin ga haɗa rizal, shekara biyu ka ga wutar ta mutu. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 wata takwas, jami'o'i da yawa suka dunƙule zanguna don cike giɓi, dogon hutun da a da ake fita fili tattaro bayanai ya tafi. Ba za ka iya gyara kalanda ba, amma za ka iya neman a bar wa duk mai aikin bincike a hannu rana ɗaya a mako ba aji ba mitin, a rubuta a jadawali kowa ya gani. Wannan ba ya cin ko sisi.

Abin da ke ba ni takaici kuma shi ne yadda muke zaune a tsakiyar arziki muna cewa ba kayan aiki. Arewa House na nan kan titin Rabah tun 1970 da rubuce-rubucen Larabci da ajami, gidan adana takardun tarihi na ƙasa na kan titin Yakubu Gowon cike da fayilolin lardunan Arewa, cibiyar binciken cutar sammore tana Unguwar Rimi, ta albarkatun ruwa tana Mando, in ka hau hanyar Zariya ga IAR ta binciken noma a Samaru, ga NAPRI ta binciken kiwon dabbobi a Shika, ga NARICT ta fasahar sinadarai a Basawa. Da yawa daga ma'aikatansu suna da na'urorin da ba ku da su, su kuma suna son ɗalibai da abokan rubutu. Ka ɗauki ƙafa ka je da kanka, wasiƙa kaɗai ba ta isa. Tambayoyin bincike ma ba sai an kwafo daga maƙalar wani a Indiya an canja sunan gari ba. Ambaliyar kogin Kaduna da ke cin unguwannin bakin ruwa, cutar da ta lalata citta a Kachia da Jaba a 2023, rayuwar ma'aikatan masaƙun Kakuri bayan an rufe su, maƙeran Panteka da ke ƙera injin niƙa ba tare da zanen injiniya ba, kowanne zai ɗauki masanin kimiyya da na tattalin arziki da na harshe a lokaci guda. Waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa da aka saki a 2019 daga Samaru ya fito. Marigayi Farfesa Andrew Nok a ABU yake lokacin da ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2009 kan aikinsa a kan ƙwayar cutar barci. Matsalar ƙofar gida suka riƙe shekara da shekaru.

Kuɗi kuma akwai ɗan abin da ake samu. TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na da tallafin bincike na IBR da ake nema ta cikin makaranta, da NRF na ƙasa mai gasa sosai. Abin da na fi gani yana kayar da mutane shi ne furofozal, wato takardar neman tallafin, da aka rubuta dare ɗaya, kasafin kuɗi bai dace da aikin ba, sai kuma waɗanda suka karɓa a baya ba su kawo rahoto da rasit ba su toshe wa na baya hanya. Ka haɗa mutum uku da suka taɓa ci su riƙa karanta furofozal wata guda kafin a rufe, ka kuma yi abota da wani a ofishin kuɗi ya zo ya nuna wa malamai yadda ake cike takardun. In kuma kuka samu wani abu a hannu, kafin ku sayi sabuwar na'ura ku fara sa sola da inbata a firjin ɗakin gwaji. Na ga ɗalibar da samfuran jininta na wata da watanni suka lalace saboda an ɗauke wuta ranar Juma'a ba wanda ya tada janareta sai Litinin, ta zauna a bakin ƙofar lab tana kuka, supabaizanta ya rasa abin da zai ce mata. Ku riƙa jawo masu kula da lab ɗin nan cikin zamanku, su suka san abin da ke aiki da abin da ya mutu, in sun yi aikin da ya kai a sa sunansu a maƙala a sa. Ɗalibi kuma in aikinsa ne sunansa ya zo farko, ku rubuta wannan a matsayin ƙa'idar tsangaya tun yanzu kafin rigima ta taso.

Game da shugaban tsangaya, ka gaya masa gaskiya cikin ladabi cewa a zango ɗaya ba za a ga maƙaloli masu nauyi ba, mujallar kirki kan ɗauki watanni kafin ma ta amsa. Abin da za ka iya kai masa shi ne zama nawa aka yi, wa ya gabatar, furofozal nawa aka karanta aka tura, cibiya nawa kuka ziyarta. Ka ƙara da aikin da ɗalibai biyu da sikana ɗaya za su iya, wato kundayen mastas da na digirgir da ke jibge a ofishin shugabannin sassa gara na ci, a jera sunayensu a ɗora inda kowa zai gani, don yara su daina maimaita taken da aka yi sau huɗu. Idan kun tsayar da ranar zaman farko ka sanar a nan, in Allah ya yarda zan zo, kuma zan taho da wani aiki nawa kan ruwan rijiyoyin Tudun Wada da ya maƙale min, ku duba min shi.