Ta Ina Zan Fara Nazarin Pride and Prejudice?

Kin tambayi yadda za ki fitar da taurari, wuri da jigo a wannan littafi na Jane Austen, wanda ya fito a 1813. Fara da maganar gado. Mista Bennet 'ya'yansa biyar duk mata ne, kuma bisa sharaɗin gadon, in ya rasu gidansu na Longbourn zai koma hannun wani danginsa, Mista Collins. Nan ne tushen rawar jikin uwarsu kan aurar da su. Ɗalibai da yawa suna tsallake wannan, sai su rubuta cewa jigon soyayya ce kawai, alhali aure, dukiya da matsayi a haɗe suke. Dubi Charlotte Lucas, maƙwabciyar iyalin Bennet mai shekara 27, da ta auri Collins don ta sami rufin asiri.

Game da taurari, karanta babi na 34 zuwa 36 sau biyu: Elizabeth, ɗiyar Mista Bennet ta biyu, ta ƙi tayin auren da attajiri Mista Darcy ya yi mata, ya rubuto mata wasiƙa, ta gane ta yi masa gurguwar fahimta. Rubuta halinta kafin wasiƙar da bayanta, da hujja daga shafi.

Wuri kuwa, kwatanta Longbourn da Pemberley, gidan Darcy, a babi na 43, inda shaidar mai kula da gidan ta ƙara sauya wa Elizabeth ra'ayi game da shi.