Amsa ga 'yar'uwar da ke son kai Hajiya Shamoni

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce mahaifiyarki za ta zo wajenki a Liyon ta Faransa, kina tambaya ko ku je Shamoni a watan Janairu don ta ga dusar ƙanƙara, ko ku jira lokacin zafi. Sau huɗu na je wannan gari na cikin tsaunukan Faransa, wanda ake rubutawa Chamonix, biyu da sanyi biyu da zafi. In za ki ji ta tawa, ki haƙura da Janairun nan.

Zuwana na farko a Janairu ne, da rigar sanyin da nake sawa da hunturu a Kano da takalmin kambas. Ban yi taku ashirin daga tashar mota ba santsi ya kwashe ni, sai da na yi mako ina ɗingishi. Ni da ƙuruciyata ke nan, ina ga dattijuwa? Kuma lokacin sanyi garin na masu wasan zamiya a kan ƙanƙara ne, don a nan aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924. Masauki ya yi tsada, rana ta ɓuya bayan duwatsu da wuri. Wanda bai iya zamiyar ba sai zaman ɗaki da kallo ta taga.

Ku je tsakanin ƙarshen Yuni da farkon Satumba. Kada ki damu, Hajiya za ta ga ƙanƙararta, domin ƙololuwar dutsen Mon Blan, mai tsayin sama da mita 4,800, fara fat take duk shekara.

Inda nake so ki nutsu shi ne maganar motar igiya, wadda suke kira teleferik. Garin yana kan mita 1,035, ita kuwa cikin kamar minti 20 za ta sauke ku a kan dutsen Aiguille du Midi, mita 3,842. Jiki bai samu lokacin sabawa ba, ga iskar can sama ba ta ƙosar da huhu. Ni 'yan matakala na hau na ji haki kamar na yi tsere, kaina na sarawa. In Hajiya na da hawan jini ko ciwon zuciya, ki fara jin ta bakin likita. Akwai tasha a tsakiya, Plan de l'Aiguille, mita 2,317, kuma kallon da ke nan ma ya wadatar. Ku tafi da rigar sanyi mai kauri ko da Yuli ne, da baƙin tabarau saboda ƙyallin rana a kan ƙanƙara. Ki duba hasashen yanayi kafin ki sayi tikiti. Na taɓa biyan kuɗi masu ciwo na hau, hazo kawai na gano na sauko.

Abin da ya fi dacewa da ita shi ne jan jirgin ƙasan nan mai hawa Montenvers, mita 1,913, wanda ke aiki tun 1909. A zaune za ta je. Daga can ake hango Mer de Glace, wato tekun ƙanƙara. Da na je, na ga alluna a jikin dutsen masu nuna inda ƙanƙarar ta kai a shekarun baya, ki ga yadda ta janye ta bar tsakuwa. A nan na daina musu kan ɗumamar yanayi.

Ke kuma in kina son takawa, ki ware rana guda ki hau zuwa tafkin Lac Blanc daga tashar motar igiya ta La Flégère, tafiyar kamar awa biyu ce zuwa tafkin. Ki fita da sassafe da takalmin hawa dutse, don hadari ya fi tasowa da yamma. Lambar gaggawa 112.

Sai abinci. Fondue da giya ake narka cukun, tartiflette da naman alade ake yin ta, raclette ma galibi da shi ake kawo ta. Ki tambaya kafin a zuba. Ni ɗaki mai kicin nake kamawa a Les Houches, ƙauye kusa da Shamoni, ya fi tsakiyar gari sauƙi, in yi girkina. Ki gaya wa Hajiya ta zo da yajinta da kukarta, amma ban da kilishi, ba a yarda a shigo da nama daga wajen Tarayyar Turai ba. Ku riƙe 'yar darduma a jaka, kuma ki faɗa mata tun yanzu cewa a Yuni sai bayan tara na dare ake Magariba, kada ta ɗauka agogo ne ya lalace.

In kwana ya ragu, ku bi ramin da ya ratsa ƙarƙashin Mon Blan, kilomita 11.6, ku ci abincin rana a Courmayeur ta Italiya. Bizarta ta Shengen ta isa, amma ku riƙe fasfo. Allah Ya kawo ta lafiya, ki gaishe min da ita.