Tambaya da Amsa: Me zan duba kafin in sayi motar gudu ta hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina sha'awar motar gudu irin mai ƙofa biyu, yanzu kuma Allah ya hore. Dillali ya nuna mini guda uku a Kaduna, kuɗinsu kusan ɗaya: Ford Mustang ta 2013 mai silinda shida, 'yar Beljiyam, Chevrolet Camaro ta 2011 da aka hau a nan gida, sai Nissan 370Z ta 2010 mai giyar hannu, wadda ya ce ita ce mafi ƙarancin tafiya. Me zan duba, kuma wacce za ku ba ni shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri. Ka fara ajiye maganar ƙarancin tafiya a gefe. A Corolla ko Camry, lambar da ke kan odomita tana ba da labari mai yawa. A irin waɗannan motoci kuwa, hannun da ya riƙe su ya fi nisan da suka ci muhimmanci, domin mai sayen motar gudu ba don zuwa cefane ya saye ta ba. Wadda ta yi kilomita 60,000 ana figar ta daga tsaye ana murza tayar baya ta fi wadda ta yi 150,000 a kan babbar hanya gajiya. Ga shi kuma mayar da odomita baya aiki ne na 'yan mintuna ga mai na'ura. Idan ma mil take nunawa, kamar yadda motocin Amurka suke, sai ka ninka da 1.6 kafin ka sami kilomita.

Kafin ka kira bakanike, karɓi lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, suna ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da jikin ƙofar direba, kuma dole su yi daidai da na takardun kwastan. Na goma a jerin shi ne shekarar mota: A na nufin 2010, B 2011, D 2013. Da wannan kaɗai za ka kama wanda ya sa wa tsohuwar mota fitilu da bamba na sabon yayi ya ce ta shekarar da ta fi kusa ce. Daga nan ka biya a ciro maka rahoton tarihin motar daga Carfax ko AutoCheck, sannan ka rubuta lambar a Google. Yawancin irin waɗannan motoci da ke shigowa ƙasar nan daga gwanjon Copart ko IAAI suke, inda kamfanonin inshora ke sayar da waɗanda suka yi haɗari, kuma sau da yawa hotunan ranar gwanjon suna nan a intanet. Haɗari kala-kala ne. Wadda ta rasa bamba da fitila ba abin gudu ba ce in an rage kuɗi. Wadda gabanta ya shige har shasi ya lanƙwashe, ko jakunkunan iska suka fashe, ko ambaliya ta shanye ta, ka bar wa mai ita kayansa ko nawa ya rage.

Rahoto ba ya faɗin abin da ya faru bayan ta sauka, don haka ido ma zai yi aiki, kuma da rana tsaka, ba da magariba ba. Dubi tazarar da ke tsakanin boneti da fenda, da ta ƙofa da bodi: hagu da dama su zo ɗaya. Kusoshin da suka riƙe fenda, idan fentinsu ya ɓare, an taɓa kwance su. Akwai ƙaramar na'urar auna kaurin fenti. Na kamfani yakan tsaya wajen maikiron 100 zuwa 180, inda ka ga 400 ko fiye to bodi fila ce a ƙasa. Don gano ta ambaliya, ɗaga kafet ka shinshina, dubi ƙarafan da kujera ke gudu a kai ko sun yi tsatsa, ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai shatar laka, ka kuma buɗe akwatin fis ka nemi kore-kore a jikin wayoyi. Fitilar jakar iska ta kama idan an murɗa makulli, ta mutu ita kaɗai bayan 'yan daƙiƙu. Idan ba ta kama sam ba, ko kuma tana mutuwa daidai lokaci ɗaya da fitilar mai ko ta batir, an yi mata dabara.

Sai inji. Ka sa sharaɗi cewa da sassafe za ka zo, kada kowa ya tayar da ita kafin ka iso, ka kuma taɓa injin da hannunka ka tabbatar da sanyinsa. Daƙiƙu goman farko na tashin inji mai sanyi su ne ke tona ƙarar sarƙar taimin, da ƙwanƙwasar ciki, da hayaƙi. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari mai kauri da bai yanke ba bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga silinda, galibi gaskit ɗin kai. Buɗe murfin baƙin mai ka haska ciki: ƙarfe mai ruwan zuma alama ce ta kulawa, baƙin dasƙararren datti kuwa yana nuna ana jinkirin juye. Tambayi irin man da ake zubawa. Mustang ɗin 5W-20 take sha, kusan lita 5.7, Camaro da 370Z kuma 5W-30. Idan aka ce maka 20W-50 ake zuba wa Camaro "saboda zafin ƙasarmu", ka ɗauka cewa sassan da ke juya taimin da matsin mai sun sha wuya. Haka nan ka duba ko an cire tamostat an haɗa fanka kai tsaye, al'adar da ke ɓoye matsalar zafi maimakon ta gyara ta.

A sa sikana, na'urar da ke karanto matsalolin mota. Ba lambobin matsala kawai za a duba ba, domin goge su abu ne mai sauƙi. Birenbos, wato kwamfutar motar, yana da jerin gwaje-gwajen da yake yi da kansa a kan hanya, kuma idan an goge lambobi kwanan nan ko an cire batir, sikana za ta nuna gwaje-gwajen ba su kammala ba. Motar da take nuna babu matsala ko ɗaya, amma gwajinta duk bai kammala ba, ka tambayi dalili. A auna matsin kowace silinda. Bambancin mafi ƙarfi da mafi rauni kada ya wuce kashi 10 cikin 100.

Kada ka biya kuɗin motar da ba a ɗaga ta sama ba, ko a hau da ita rami. Tsakanin cikin waɗannan motoci da ƙasa ba shi da yawa, to ka tuna tudun rage gudu da ramukan unguwa. Nemi lotsewa a kaskon baƙin mai, da gogewa a salansa da gefen bodi, da tsagewar rim ta ciki, inda ba a gani daga waje. A duba ko tukunyar tace hayaƙi da kanikawa ke kira indomi tana nan, don ana yawan fasa ta a sayar. A girgiza boljoyin da tayarod da bushin. Duka ukun tayar baya ke jansu, saboda haka a dubi farfela da aksul ko suna yoyo. Sannan ka leƙa cikin kaskon da ke saman tayar baya: ɓarɓashin roba da ya manne a nan shaidar murza taya ce a wuri ɗaya. Faifan birki da ya yi shuɗi-shuɗi ya sha zafi fiye da kima. Sabbin tayoyi a baya da tsofaffi a gaba su ma suna da abin faɗa. Shekarun taya suna jikinta, lambobi huɗun ƙarshe bayan DOT: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Wadda ta haura shekara shida ka lissafa kuɗin canza ta a cikin ciniki, ko da zanenta bai goge ba. Na 370Z na baya sun fi na gaba faɗi, ba a juya su, kuma ba ko'ina ake samun girmansu ba.

Gwajin hanya kada ya gaza minti talatin, rediyo a kashe, a shiga cunkoso da iyakwandishan a kunne, a kuma fita hanyar da za a iya taka ta. Giyar otomatik ta shiga ba bugu. A ta hannu, ka sa giya ta huɗu kana tafiya a hankali, ka danne totur: idan inji ya ɗaga murya amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ya ƙare. Kukan da ke ƙaruwa da gudu daga baya na aksul ne ko boris. Sitiyari da ke rawa idan an taka birki, faifai ne ya karkace.

Yanzu ga motocin naka ɗaya bayan ɗaya.

Camaro ta 2010 da 2011 mai injin lita 3.6 ta yi suna wajen miƙewar sarƙar taimin, musamman idan an yi sake da baƙin mai. Alamarta ƙara lokacin tashi da lambobi irin P0008, P0016 da P0017. Sarƙoƙi uku ne a gaban injin, aikin yana da tsada, kuma ba kowane bakanike ke iya saita su ba. Daga 2012 aka sauya fasalin injin. Tunda wannan an hau ta a gida, ba ka san irin man da ta sha ba sai in mai ita yana da rasit. Ka kuma zauna a ciki ka gwada ja da baya, don tagoginta ƙanana ne, ganin gefe da baya yana da wuya a cikin 'yan adaidaita sahu.

370Z ta fi su daɗin riƙo a kwana, amma ita ce ta fi buƙatar lallashi a nan. Samfuran farko ba su zo da abin sanyaya baƙin mai ba, sai daga 2012, ga mu kuma da zafin da ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Akwai agogon zafin mai a saman dashbod. Ka sa masa ido lokacin gwaji, domin idan ya hau sosai birenbos yana rage ƙarfin inji da kansa. A mai giyar hannu, silindar da ke tura kuloci a cikin gidan giya take, tana yawan lalacewa, alamarta fedal ya nutse ƙasa bai dawo ba idan mota ta yi zafi, kuma sai an sauke giyabos kafin a canza ta. Na 2009 da 2010 suna da matsalar makullin sitiyari na lantarki da kan hana mota tashi gaba ɗaya. Babbar magana ita ce fetur. Ma'aunin ingancin fetur na Amurka daban yake da namu, wanda ake kira RON: 87 nasu shi ne kusan RON 91, wato kusa da abin da gidajen mai ke sayarwa a nan, 91 nasu kuma kusan RON 95 ne. 370Z wancan mai tsadar aka ƙera ta ta sha. Da namu za ta tafi, amma birenbos zai riƙa ja da taimin baya don kare fiston, ƙarfin da ka biya kuɗi dominsa ya ragu, zafi ya ƙaru.

Mustang ta 2013 mai lita 3.7 tana ba da ƙarfin doki 305, kuma da fetur 87 aka tsara ta, haka ita ma Camaro mai silinda shida. Aksul ɗinta na baya guda ne dunƙulalle, tsohon yayi, yana ɗan tsalle a kan gargada amma yana da juriya da sauƙin gyara. Dubi bakin boneti, na alminiyam ne, fenti kan kumbura a nan. Saurari ƙara daga ƙafar gaba, ka gwada sanyin iyakwandishan sosai. Kamfani ya ƙayyade gudunta a wajen kilomita 180 a awa, kuma an sha samun farfela ta karye a waɗanda aka cire wa wannan takunkumi, don haka ka tambaya ko an taɓa birenbos. Tana kuma cikin motocin da aka yi wa kiranye, wato aka ce a mayar a gyara, kan jakar iska ta kamfanin Takata. Shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, zai nuna maka kyauta, da lambar shasi, ko an canza tata.

A kowacce daga ciki, wadda take yadda kamfani ya yi ta ta fi wadda aka sa wa salansa mai ƙara, aka rage mata tsawo, aka taɓa kwamfutarta. Mai sayarwa zai so ya ƙara kuɗi saboda waɗannan kaya. Kai kuma dalilin ragi ne a wurinka.

In hotunan gwanjo da duba ƙasa sun wanke ta, Mustang ɗin ce shawarata. Camaro sai in akwai shaidar an canza sarƙa da kaya masu kyau. 370Z ta dace da wanda yake da wata motar hawa, yana kuma da bakaniken da ya san ta. Kafin ka ba da kafin alƙalami, ka je Panteka, ko ka kira Ƙofar Ruwa a Kano, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas, ka tambayi kuɗin abu huɗu na motar da ka zaɓa: fitilar gaba, lagireto, gilashin gaba da shokazoba. Wanda aka ce sai an yi oda daga waje, ka tambayi mako nawa yake ɗauka. Ka kai takardun kwastan ofishinsu a tantance cewa an biya kuɗin fito cikakke, domin a Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, kuma mota mai jan ido irin wannan ba ta wuce shinge ba a tsayar da ita ba. Sannan kada ka ƙarar da kuɗinka a wurin saye. Ka ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na farashin don juyen baƙin mai, man giya, man aksul, man birki, ruwan lagireto, fulogi da taya a watan farko.