Tarin hazo ba ya jin amoksilin

'Yar'uwa, kin ce tun shigowar hunturu ɗanki ke tari, kina tambaya ko ki sayo masa amoksilin a kemis. Don Allah kada ki saya. Bakteriya maganin nan ke kashewa, shi kuwa hazo da hayaƙin janareta ko na itace kumbura hanyar numfashi suke yi, babu ƙwayar da za a kashe. Shan sa barkatai na sa ya ƙi aiki ranar da ake buƙatarsa, ga gudawa.

Ki nisanta shi da murhu, ya yawaita shan ruwa. In kin ga zazzaɓi, numfashi sama-sama, ko tarin ya wuce mako 2, ki kai shi asibiti, ko da asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya ne, likita ya duba ƙirjinsa.