Tuƙi a Legas: Yaya Zan Yi da Danfo, Tirela da Layin BRT?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina tuƙi a Kano, yanzu na samu aikin jan ƙaramar motar kaya daga kasuwar Mile 12 zuwa Agege. Danfo, wato ƙananan bas-bas na haya, na yanko min gaba, tirela na matse ni, ga 'yan LASTMA masu kula da zirga-zirgar motoci a jihar ko'ina. Wace doka zan riƙe don in zauna lafiya da kowa a titi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya sa albarka a sabon aiki. Alamomin hanya da ka sani a Kano su ne a Legas: ana tafiya a hannun dama tun 1972, ana wuce mota ta hagu, a shataletale kuma wanda ya riga shiga shi ke da hanya. Bambancin shi ne a nan an raba titi, kowa da wurinsa, kuma ba a wasa da wanda ya shiga wurin wani.

Layin BRT, wanda aka fara a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, na manyan motocin bas ne kawai. Za ka gan shi fayau kai kuma kana cikin goslo a Ketu ko Ojota. Kada ranka ya biya. Aron hannu ya fi wannan muni. Dokar sufuri ta jihar ta 2018 ta ba da damar ƙwace motar wanda ya bi hanyar da ba hannunsa ba, kuma an sha yin gwanjon irin waɗannan motoci. Ka ga motar ma ba taka ba ce. In ka iso titin da ba ka sani ba, duba inda motocin da ke gefe suka fuskanta, ko ka tambaya kafin ka karya kan mota.

Amma abin da ya fi damuna game da kai tirela ce da tanka. LASTMA tara za su ci ka, tirela kuwa ba ta cin tara. Direbanta yana sama, ba ya ganin abin da ke dab da gabansa, ko bayansa, ko jikin motar ta dama. In ba ka hango fuskarsa a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba. Idan zai sha kwana dama, sai ya fara buɗewa hagu, sai ka ga kamar an bar maka fili. Wannan filin nan tayoyin baya za su bi. Kada kuma ka jera da mai kwantena a kwana ko a hawan gada, don ba kowace aka ɗaure ba. A Janairun 2023 wata ta faɗo kan ƙaramar bas a Ojuelegba, mutane suka rasu. Ka bar ta ta yi gaba, ko ka wuce ta gaba ɗaya ta hagu in hanya ta buɗe.

Danfo kuwa, ka ɗauka zai tsaya ko'ina ba sigina, da zarar kwandasta ya hango fasinja. Maganinsa tazara: in motar gabanka ta wuce wani turken lantarki, a samu daƙiƙa biyu kafin ka iso shi, huɗu in ana ruwa ko ka yi lodi mai nauyi, domin buhunan albasa suna ƙara wa birki aiki. Cikin gari kada ka haura kilomita 50 a awa.

An hana acaɓa a ƙananan hukumomi irin su Ikeja da Surulere da Apapa tun Yunin 2022, amma a unguwanni za ka haɗu da su, da Keke Napep, da 'yan uwanmu masu tura baro. Leƙa madubin dama kafin kowace kwana. Mai tafiya a ƙasa da ya ƙi hawa gada ya yi laifi, sai dai laifinsa ba zai wanke ka ba in ka buge shi.

Tunda Agege kake zuwa, layin dogo na hanyarka. Kada ka hau shi sai ka ga akwai wurin da motarka za ta sauka a ɗaya gefen. A Maris 2023 jirgin ƙasa ya ture bas ɗin ma'aikatan jiha a PWD, kusa da Ikeja, wajen tsallake layi.

In mota ta lalace, janye ta gefe, kunna fitilun gargaɗi, ajiye alamar nan mai kusurwa uku da ɗan nisa a baya. Lambar neman agajin gaggawa a Legas 767 ce ko 112.