Amsa ga Malam: mu Hausawan Houston da burito

Malam, mun samu saƙonka, Allah ya saka da alheri. Ka ce ka ji labarin Hausawan Amurka na shiga shagunan 'yan Meksiko suna cin burito, ga shi kuma an ce mutanen nan ba su raba tukunya da alade. Duka biyun gaskiya ne. Muna ci, amma a shagon da muka riga muka tantance, shi ya sa kusan kowane gida a nan Houston yana da nasa shagon guda ɗaya da ba ya canzawa.

Shi burito, fallen gurasa ne na fulawa, siriri, ana ce masa tortiya, faɗinsa ya kai santimita 30. A ɗumama shi a kan farantin ƙarfe har ya yi laushi, a zuba ludayi ɗaya na shinkafa, ɗaya na wake, nama kamar giram 100 ko ɗan fiye, sai cuku, albasa, piya da miyar barkono. A lanƙwaso gefe biyu, a naɗe, a rufe da takardar alminiyam. Idan ya kammala yakan kai rabin kilo. Wannan ƙaton samfurin mai shinkafa ya fito ne daga unguwar Mission ta San Francisco a shekarun 1960. Na arewacin Meksiko, irin na Ciudad Juárez, siriri ne, nama da wake kawai.

Sabon zuwa naman yake tsoro, alhali naman shi ya fi sauƙin ganewa, tunda sunansa na rubuce a allo. Carnitas, chorizo, chicharrón, buche da al pastor duk alade ne. Al pastor ɗin ya fi yaudarar mutanenmu, domin a tsaye ake gasa shi a jikin ƙarfe mai juyawa, tamkar shawarmar da kuka sani a Kano, kuma asalinsa ma daga 'yan Labanan ne da suka yi ƙaura zuwa Meksiko. Can aka sauya rago da alade. Alamarsa jan launi da abarba a kan tsinken. Carne asada gasasshen naman sa ne, pollo kaza, lengua harshen sa, barbacoa a Texas galibi naman kumatun sa ne da aka dafa har ya narke, birria kuwa akuya ko sa.

Inda gizo ke saƙa shi ne kitsen da ido ba ya gani. Man alade, wato manteca, shi ne man girkin gargajiyarsu. Yana shiga ƙullun tortiyar fulawa, domin shi ke sa ta laushi ta naɗu ba ta yage ba, kuma shagon da ya fi alfahari da cewa da hannu yake murza tasa shi ya fi zama abin tambaya. Yana shiga markaɗaɗɗen waken nan da ake soyawa, frijoles refritos. Waken romo, frijoles charros, da gutsattsarin naman alade ake dafa shi, wanda ake kira borrachos kuma har da giya. Tamales ma, wato ƙullun masara da ake naɗewa a turara, da manteca ake kwaɓa su. Saboda haka mutum na iya cewa ba ya son nama, a ba shi wake da cuku kawai, ya tafi yana murna ya tsira, nan kuwa ya ci alade sau biyu a loma ɗaya.

Tambayoyin kaɗan ne, kuma gara a yi su da Sifaniyanci, domin mai girkin da ya san amsar sau da yawa ba ya jin Turanci sosai, yaron da ke karɓar kuɗi kuma sai ya ce maka babu don layi ya matsa. Ana cewa "¿Tiene manteca?" a kan tortiya, a sake faɗa a kan wake, kowanne daban. Idan aka ce "aceite", man girki ne na tsirrai. Ana ƙarawa da "sin puerco", ba alade. Idan tortiyar ta leda ce, a roƙi a ga ledar. Abin da aka haɗa ta da shi yana rubuce. Lokacin yin wannan bincike shi ne wajen ƙarfe 3 na rana, bayan cinkoson abincin rana ya lafa. Da tsakar rana ba wanda zai saurare ka.

Sai farantin gashi. Galibi ɗaya ne, a kansa ake soya chorizo, a kansa ake juya naman sa, da cokali ɗaya. Man chorizo ja ne, ana ganinsa yana malala. A shagon da aka saba, sukan kankare gefe guda su goge, ko su shimfiɗa takardar alminiyam su ɗumama naka a kai, su sauya safar hannu. Wannan alfarma ce, sabo ke jawo ta, da kuma ihsanin da ake bari, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari idan zama aka yi aka kawo maka. Wanda ke yawo shago-shago ba ya samunta.

Batun yanka kuwa, a nan kanmu ya rabu, kuma ba za mu ɓoye maka ba. Wasu suna cin naman sa da na kaza bisa ayar abincin Ahlul Kitabi a Suratul Ma'ida. Wasu sun ce yankan masana'anta ne, ba a san wanda ya yi ba balle a ce an ambaci sunan Allah, don haka sai kifi, jatan lande ko ganye. Su ma sai sun kula, domin kifin da ake tsomawa a ƙullu kafin suya wani lokaci da giya ake dama ƙullun, gasasshe ya fi. Shinkafar ma da romon kaza ake dafa ta. Kowa na bin malaminsa, kuma a zama ɗaya za ka ga ɓangarorin biyu, ba mai zargin wani. Yanzu abin ya yi sauƙi, tunda an samu motocin sayar da tako, wato ƙaramar tortiyar masara da ake ɗora wa nama a ninke, masu amfani da naman halal, kuma akwai Musulmi 'yan asalin Latin Amurka a garin, har da cibiyarsu ta IslamInSpanish da aka buɗe a 2016. Wanda shakka ta dame shi sai ya koma tako, domin tortiyar masara gari ne da ruwa da gishiri.

Cinsa ma da ƙa'ida. Ba a kware takardar gaba ɗaya. Ita ke riƙe da shi. A tsayar da shi, a yage daga sama kaɗan-kaɗan ana bi da ci. Wanda ya kware duka, kafin ya kai rabi gindin ya ɓalle, shinkafa ta zube masa a cinya. Barkono ana ɗiga shi ne loma-loma, idan aka tuttula a ciki tun farko tortiyar jiƙewa take yi. Haka idan za a kai gida: tururi na taruwa a cikin takardar, bayan minti 20 ya yi laɓo-laɓo, sai a ce su sa miyar da kirim a gefe, su kuma ɗan gasa shi bayan naɗi, bakin naɗin a ƙasa, ya manne. Kada a sa shi a na'urar ɗumama abinci da takardarsa, wuta yake tartsatsi. A kan yaji, mutanenmu sukan raina koriyar miyar nan mai kauri suna zaton piya ce, alhali sau da yawa tsagwaron barkono ce da mai. Mai launin ruwan lemo kuwa ta barkonon habanero ce, ɗan'uwan attaruhu.

Abin sha kam gida ne. Jamaica zoɓo ne, tamarindo tsamiya, horchata ruwan shinkafa da kirfa da sukari. Sai dai a kiyayi michelada, jan nan da ake bayarwa a kofi mai gishiri da barkono a baki, giya ce aka haɗa da lemun tsami.

Farashi yakan kama daga dala 10 zuwa 14, piya kuɗinta daban, ga harajin kashi 8.25 da ake ɗorawa wurin biya, ba ya cikin abin da aka rubuta a allo. Guda ɗaya ya ishi mutum biyu marasa ci sosai, a ce su raba shi tun a can da wuƙa mai tsabta. Kuma ko shagon da aka yarda da shi akan sake tambaya lokaci-lokaci, musamman in an ga sabon mai girki ko ɗanɗanon wake ya canza, domin canjin mai kawo musu tortiya kaɗai ya isa ya shigo da manteca. Ka gaida mutanen gida.