An kawo mana kwamfuta, me ya sa fayil bai daina kwana a tebur ba?

Tambaya: Shekara uku ke nan da aka kawo kwamfutoci ma'aikatarmu, aka ce an rabu da takarda. Amma har yau mai neman izini yakan cike fom a intanet, mu buga shi a takarda, mu kai wa darakta ya sa hannu, sannan mu ɗauki hotonsa mu mayar cikin na'ura. Shin fasahar zamani tana inganta aikin hukumomin gwamnati kuwa, ko an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago? Daga wani ma'aikacin gwamnati.

Amsa: Malam, tana ingantawa ƙwarai, amma abin da ka bayyana sayen kayan aiki ne kawai, domin hanyar da fayil ke bi tana nan yadda take. Idan tebur bakwai takarda ke ratsawa a da, kuma har yanzu bakwai ɗin take ratsawa, to na'urar ta zama tebur na takwas.

Ƙasar Estoniya ce aka fi buga misali da ita. Tun shekarar 2001 ta kafa tsarin X-Road, wanda ke haɗa rumbunan bayanan hukumomi ta yadda kowace za ta iya karɓar abin da take bukata daga 'yar'uwarta kai tsaye. Abin da ya fi na'urar muhimmanci shi ne ƙa'idar da suka ɗora a kanta, wato bayanin da ɗan ƙasa ya ba gwamnati sau ɗaya ba a sake tambayarsa. Saboda haka mai biyan haraji yakan buɗe fom ɗinsa ya tarar an riga an cike masa albashinsa, sai ya duba ya amince. Haka kuma yana iya ganin hukumar da ta leƙa bayanansa da lokacin da ta leƙa, kuma a ganina wannan ne ke ladabtar da jami'i fiye da kowace takardar gargaɗi, domin wanda ya san sawunsa na fita a fili ba ya jinkirta fayil don a zo a gaishe shi.

Kuɗi kaɗai ba ya kawo wannan. A 2002 Birtaniya ta ƙaddamar da gagarumin shirin haɗa bayanan marasa lafiya na asibitocin Ingila a na'ura, aka rushe shi a 2011, aka kuma ƙiyasta cewa ya laƙume kusan fam biliyan 10. Daga cikin dalilan har da cewa an tsara shi daga sama, ba a ji ta bakin likitoci da ma'aikatan jinyar da za su yi aiki da shi ba yadda ya kamata.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da hukuma ta fi gaskata na'ura a kan mutum. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu kula da ƙananan gidajen waya sama da 900 a Birtaniya bisa zargin sata ko maguɗin lissafi, saboda manhajar Horizon, wadda gidajen wayar ke lissafin kuɗi da ita, tana nuna giɓin kuɗin da babu shi. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun tsiyace, sai a 2024 majalisa ta yi dokar wanke su.

Game da ofishinku, ku zauna ku bi fayil guda ɗaya daga shigowarsa zuwa fitarsa, ku ƙirga kwanakin da ya yi a kowane tebur, ku kuma tambayi kanku wane sa hannu ne doka ta wajabta, wane ne al'ada kawai ta gadar muku. Wannan lissafin za ku kai wa darakta, tare da roƙon a amince da sa hannu ta na'ura, a kuma bar taga ɗaya a buɗe domin tsofaffi da waɗanda ba su da intanet, kamar yadda Denmak ta ba irinsu damar neman a ɗauke musu lokacin da ta wajabta karɓar wasiƙun gwamnati ta intanet a 2014.